Darasi: Bikarbonat da Kanwa a Hidimar Gida

Bikarbonat farin gari ne mai laushi, marar wari, mai ɗan zartsi a harshe, wanda ake samu a kantunan magani da wasu shagunan kayan masarufi cikin ƙananan ledoji ko kwalaye, a jikinsu an rubuta bicarbonate de soude da Faransanci, wanda ya biyo ta kasuwannin Najeriya kuwa an fi saninsa da bekin soda. Mutane da yawa a Dakoro da ƙauyukanta suna ɗaukarsa kayan birni, na masu yin gato da biskit, alhali duk macen da ta taɓa jiƙa kanwa don ɗanwake ko miyar kuɓewa ta riga ta yi aiki da shi, domin kanwa gami ce ta bikarbonat da wani ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi, wanda ake kira karbonat, tare da gishiri da yashi da sauran abin da ƙasa ta haɗa. Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya gane aikin da waɗannan abubuwa suke yi, domin wanda ya gane aikin zai iya rarrabe inda suke da amfani da inda suke cutarwa ba tare da jiran wani ya faɗa masa ba.

Inda suke fitowa

Kanwa tana samuwa ne a kwaruruka da tafkunan da ruwansu ba ya da mafita, inda rana take ƙafar da ruwan a lokacin rani, ya bar ɓawon fari ko ja a bisa ƙasa, a kankare shi ko a fasa shi dunƙule-dunƙule. A Nijar an san ƙasashen Manga da Muniyo, wajen Gure da Maine-Sorowa, da wannan arziki, haka ma Kawar a arewa maso gabas da Dallol Boso a yamma, ita kuwa ungurnu, wadda ta fi tauri da tsada, daga gabashin Tafkin Cadi take fitowa. Fatake sun daɗe suna ɗaukarta a kan jakuna da raƙuma da takarkarai zuwa Damagaram da Kano da Katsina har ƙasashen kudu, kuma masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kan wannan fatauci na gishiri da kanwa a shekarar 1986. Misirawan dauri ma sun haƙi irinta a Wadin Naturun, suna busar da gawa da ita, suna kuma yin gilashi.

Bikarbonat na leda kuwa aikin masana'anta ne. A shekarar 1846 wasu mutum biyu, Austin Church da John Dwight, suka fara sayar da shi don amfanin gida a Amurka, sannan a 1861 Ernest Solvay na ƙasar Beljiyam ya yi rajistar wata hanya ta fitar da shi daga ruwan gishiri da dutsen farar ƙasa da amoniya, wadda har yau ake bi a ƙasashe da dama. Wani kuma daga kanwar ƙarƙashin ƙasa ake tace shi, kamar yadda ake yi a jihar Wayomin ta Amurka. Abin da ya kamata a riƙe shi ne tacewar tana sa ƙarfinsa ya zama ɗaya a kowace leda, saboda haka ana iya auna shi da cokali a san abin da aka zuba, ita kuwa kanwa dunƙule biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen ƙarfi da yawan gishiri.

Tsami da makashinsa

Hausawa suna cewa kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta, kuma wannan magana ta ƙunshi kusan dukan ilimin da ake bukata a nan. Abin da ke sa lemon tsami da tsamiya da nono da yakuwa su yi tsami shi ne sinadarin da masana suke kira asid, kishiyarsa kuma, wato abin da ke kashe shi, suna kiransa alkalin. Suna auna su da wani ma'auni mai suna pH, wanda yake tashi daga 0 zuwa 14, inda ruwa mai tsabta yake tsakiya a kan 7, abin da ya gaza haka mai tsami ne, abin da ya haura kuma makashin tsami ne. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, ruwan bikarbonat yana ɗara 8 kaɗan, na karbonat yana kai wa 11, sodar da ake yin sabulu da ita kuwa tana can ƙarshen ma'aunin, kuma kowane hawa ɗaya yana nufin ninki goma.

Idan bikarbonat ya gamu da tsami sai su cinye juna, su bar ruwa da wani gishiri, wata iska kuma mai suna kabon dayoksaid ta fita tana kumfa. Zafin wuta ma yana fitar da wannan iska ko babu tsami, sai dai abin da ya rage a tukunya yakan koma karbonat, shi ya sa ruwan bikarbonat da aka tafasa ya fi na sanyi ƙarfi. Ana iya ganin wannan a aji da kayan da ba su da tsada: a zuba ruwan zoɓorodo a kofin gilashi, a barbaɗa masa rabin ƙaramin cokali na bikarbonat, za a ga ya yi kumfa, jansa ya dushe ya koma duhu, tsaminsa kuma ya tafi.

A madafi

Wake shi ne abincin da ya fi jawo kanwa cikin tukunya a wannan yanki, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, gonakin Dakoro da Kornaka kuma sukan haɗa shi da hatsi a kunya ɗaya. Abin da ke riƙe ƙwayar wake ta yi tauri wani danƙo ne mai suna pektin, wanda sinadaran kalsiyam da maganiziyam suke ƙara ɗaurewa, kuma waken da ya daɗe a rumbu cikin zafi yakan ƙara taurin kai, haka ma idan ruwan rijiyar da aka dafa shi da shi mai nauyi ne. Sinadarin sodiyam da ke cikin kanwa ko bikarbonat yana kwance wannan ɗauri, wake ya nuna da wuri, kuma a ƙasar da mace take yin tafiya mai nisa kafin ta haɗa damin itace, ko ta koma ga kara da kashin shanu, wannan riba ce da bai kamata a raina ba. Sai dai ribar tana da farashi, domin alkalin yana lalata bitamin B1, wanda jijiyoyi da zuciya suke bukata, kuma wake yana cikin abincin da talaka yake samunsa daga gare shi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a jiƙa waken tun da dare cikin ruwan da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na bikarbonat a kowace lita, da safe a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa, ta haka an samu laushin, an kuma rage sodiyam ɗin da zai shiga ciki.

Ganye ya fi wake asara. Kanwa tana sa zogale da rama da tafasa su riƙe korensu, tana ƙara wa kuɓewa da lalo yauƙi, tana kuma kwantar da tsamin yakuwa, amma tana kashe bitamin C da ke cikinsu, musamman idan an daɗe ana tafasawa har ganyen ya narke. Miyar da ta yi kore shar a ido tana iya zama ta rasa wani ɓangare na amfanin da aka nema a cikinta, kuma a gundumar Dakoro, wadda ta sha wahalar ƙarancin abinci na shekarar 2005, inda tamowa take ci gaba da kama ƙananan yara a kowace shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ganyen da za a ba yaro ya fi kyau a dafa shi da ruwa kaɗan, a taƙaice, ba tare da kanwa ba, tsamin yakuwa kuwa ana iya rage shi da ƙuli-ƙuli ko dakakkiyar gyaɗa, waɗanda suke ƙara wa miyar gina jiki.

A wajen masa da fanke da gato, iskar nan da aka ambata ita ce abin nema. Ƙullin masa da ya kwana yakan yi tsami saboda ƙananan halittun da suka yi aiki a cikinsa, idan aka zuba masa ruwan kanwa ko ɗan bikarbonat dab da suya sai tsamin ya ragu, iskar ta cika ƙullin da ƙananan ramuka, masar ta tashi ta kuma yi ja da wuri a tanda. Ga garin alkama, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi rabin kilo, da sharaɗin akwai abu mai tsami a kwaɓin, kamar nono ko ruwan lemon tsami, kuma a kai shi wuta nan take kafin iskar ta tsere. In babu tsami, ko kuma an zarce awo, abincin yakan yi rawaya ya yi ɗanɗanon sabulu. A nan ne bikarbonat ya bambanta da hodar gato da ake rubuta wa levure chimique, wadda ita bikarbonat ce da aka riga aka gauraya da busasshen asid da sitaci, shi ya sa ruwa kaɗai ya ishe ta, kuma ba ta kai shi ƙarfi ba, sai an zuba kusan ninki uku nata kafin ta yi aikin cokali ɗaya nasa. Yis kuwa halitta ce mai rai da take bukatar lokaci da ɗumi, ba ta cikin wannan dangi.

Wanke-wanke da kau da wari

Ƙwayoyin bikarbonat suna da ɗan kaushi wanda ya isa kankare datti bai kuma isa ƙarce kwano ba, don haka idan aka kwaɓa kashi uku nasa da kashi ɗaya na ruwa ana samun abin goge kwanukan samira da butar shayi da ƙananan kofunanta, waɗanda shayi yake bari da baƙin tabo. Tukunyar da tuwo ya kama a gindinta, a zuba mata ruwa da babban cokali biyu, a tafasa na ɗan lokaci, a bari ta huce, ƙanzon zai saki da kansa. Tukwanen alminiyom da maƙera suke zubawa suna bukatar lura, domin alkalin yana cin wannan ƙarfe yana sa shi duhu, saboda haka ba a barin ruwan kanwa ko na bikarbonat ya kwana a cikinsu.

Dakoro mahaɗa ce ta manoma da makiyaya, tun da kwarin Tarka yana kusa da iyakar noma ta arewa da dokar shekarar 1961 ta shata, kuma duk inda nono da man shanu suke da yawa akwai ƙwarya da gora da jarkar roba da suka riƙe wari. Wannan wari na asid ɗin da ke fita daga tsohon nono da mai ne, shi ya sa ruwan ɗumi da aka narka babban cokali ɗaya na bikarbonat a lita yake kau da shi, a girgiza, a ɗauraye, a shanya a rana. Haka yake yi wa warin zufa a takalmi idan an barbaɗa shi ya kwana. Ƙarnin kifi kuwa ba daga tsami yake ba, lemon tsami ya fi dacewa da shi. Masu haɗa bikarbonat da lemon tsami ko binega a kwano ɗaya don wanki suna ganin kumfa su zaci ƙarfi ne ya ƙaru, alhali abubuwan biyu sun cinye juna, abin da ya rage bai wuce ruwa mai ɗan gishiri ba.

Zobe da awarwaro na azurfa, irin na maƙeran Buzaye, idan sun yi baƙi ana shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a ɗora su a kai, a zuba ruwan zafi mai bikarbonat, baƙin zai bar azurfar ya koma kan takardar, sai dai wannan yana ɗauke har baƙin da maƙeri ya bari da gangan a cikin zanensa. Farin dattin da ke taruwa a kan bakin batirin sola ko na babur shi ma ana wanke shi da ruwan bikarbonat bayan an cire wayoyin, a kiyaye kada ɗigo ya shiga cikin batirin. Idan mai ya kama wuta a kaskon suya, abu na farko shi ne a rufe shi da murfi, bikarbonat mai yawa kuma yana kashe ƙaramar wuta, amma ruwa yana watsa ta, garin abinci kuma yana ƙara mata.

Iyakar da ta fi kowace muhimmanci a wannan babi ita ce bikarbonat ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Jarkar da wari ya bari ba lalle ta zama mai aminci ba, kuma a lokacin da amai da gudawa suka ɓulla, ruwan sha yana bukatar tafasawa ko ƙwayar kulorin irin su Aquatabs, hannu kuma yana bukatar sabulu.

Jiki da lafiya

Ƙwannafi yana faruwa ne idan asid ɗin da ciki yake narka abinci da shi ya hauro maƙogwaro, kuma rabin ƙaramin cokali na bikarbonat da aka narka sarai a rabin kofi na ruwa yana kwantar da shi ga babban mutum cikin mintuna kaɗan. Saurin nan shi ne yake ruɗin mutane su mai da shi abin sha na kullum. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin bikarbonat sodiyam ne, wato sinadarin da ke cikin gishiri wanda yake tayar da hawan jini, kuma wannan rabin cokali kaɗai yana ɗauke da wajen miligiram 600, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini, wanda ya yi daidai da giram 5 na gishiri. Saboda haka mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko ƙoda da mai kumburin ƙafa da mace mai ciki ba su shansa sai da izinin ma'aikacin lafiya, ƙananan yara kuwa ba a ba su sam. Ba a shansa a kan cikin da ya cika maƙil, domin iskar da zai saki tana iya yi wa tumbi lahani, ba a kuma haɗa shi lokaci ɗaya da wani magani, sai an bar tazarar awa biyu. Ƙwannafin da ya wuce mako biyu yana dawowa, ko ya zo da rama ko baƙin bayan gida, yana iya zama gyambon ciki, wanda sau da yawa wata ƙwayar cuta ce take haddasa shi, kuma maganinta yana asibiti.

Wannan lissafi na sodiyam ya shafi kunun kanwa da ake dama wa mai jego. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, da suke aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun yi nazarin matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suna kumbura suna haki, suka danganta yawan abin da shan kanwa mai yawa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da ya biyo baya a Yamai da Kano ya nuna akwai wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin isasshen abinci, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa kunu laifin duka. Duk da haka zuciyar da ta riga ta raunana ba ta jure lodin gishiri, kuma kulawar da iyaye mata da ungozoma suke yi wa mai jego, wadda abin yabo ce, ba za ta ragu da komai ba idan aka dama kunun da kanwa kaɗan. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take kasa numfashi in ta kwanta, a daina ba ta kanwa a kai ta asibiti a ranar.

Bikarbonat ya taɓa zama cikin garin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, giram 2.5 a lita bisa haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1975, kafin a musanya shi da sitirat a 1984 saboda wannan ya fi daɗewa bai lalace ba a ƙasashe masu zafi. Awon nan yana da tsanani, kuskure kaɗan yana cutar da jariri, don haka ledar wannan garin, wato SRO, da ake bayarwa a cibiyoyin lafiya ita ce abin dogaro. Goge haƙori da bikarbonat jefi-jefi yana rage tabon goro da shayi, amma bai maye gurbin asuwaki da man goge baki ba. Maganar cewa yana warkar da ciwon daji ko ciwon sukari, ko yana haskaka fata idan an haɗa shi da lemon tsami, ba ta da tushe, kuma wanda ya bi ta yakan yi asarar lokacin da ya kamata ya nemi magani.

Masu turke rago don layya su ma suna da abin lura: dabbar da ta kwance ta cika ciki da hatsi ko dussa tumbinta yakan yi tsami fiye da kima, ma'aikatan dabbobi kuma suna amfani da bikarbonat wajen jinyarta, amma su ya kamata su faɗi awon. Zuba shi a madara don ɓoye cewa ta fara juyawa kuwa algus ne, tun da tsamin kaɗai yake kashewa, ƙwayoyin da suka lalata madarar suna nan.

Sodar sabulu da ajiya

Akwai fari na uku da yake shiga gidaje tun da sana'ar sabulu ta yaɗu a ƙungiyoyin mata, wato sodar sabulu, wadda ake rubuta wa soude caustique. Sunanta ya yi kama da na bikarbonat, kamanninsu ma haka, amma wannan guba ce mai cin nama, kuma a ƙasashen Afirka ta Yamma an sha kai yara asibiti da maƙogwaro a ƙone saboda sun sha ruwanta da aka bari a kofi ko gorar lemo, wasunsu su kasa haɗiyar abinci har tsawon rayuwa. Takan zo da ɓarɓashi ko ƙwaya-ƙwaya, tana jan laima daga iska, tana kuma zafafa ruwan da aka narka ta a ciki, abin da bikarbonat ba ya yi, kuma ba a taɓa gwada farin garin da ba a sani ba da harshe. Idan yaro ya sha ta, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona hanyar da ta bi, kada kuma a ba shi lemon tsami da niyyar kashe ta, a kurkure masa baki a garzaya da shi asibiti tare da mazubin. In a ido ko fata ta zuba, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya.

Sodar sabulu ana ajiye ta a wajen ɗakin girki, a sama inda hannun yaro ba ya kai, cikin mazubin da ba a taɓa cin abinci ko shan ruwa da shi ba. Bikarbonat kuwa yana son kwalba mai murfi a wuri busasshe, domin laimar damina tana dunƙule shi, yana kuma ɗaukar warin abin da ke kusa da shi. Wanda ya daɗe a ajiye ana gwada shi ta ɗiga lemon tsami a kan rabin cokali, in ya yi kumfa nan take yana da ƙarfinsa, in ya yi sanyi-sanyi a bar shi ga goge tukwane. Aikin da ɗalibi zai yi a gida bayan wannan darasi shi ne ya rubuta sunan kowane farin gari da ke gidansa da manyan baƙaƙe a jikin mazubinsa, ya kuma zana jan gicciye babba a kan na sodar sabulu saboda mutanen gidan da ba su fara karatu ba tukuna.